Daga Gidan Ofera Zuwa Dandali: Wasa, Waƙa da Siyasa a Ƙauyukan Arewacin Kano



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani nau'in wasa da Turawa ke kira ofera, da yadda ya sarrafa tunanin masu kallonsa game da mulki da masu mulki. Da jin wannan, wataƙila wani a cikinku zai ce ina ruwan biri da gada, tun da yake babu gidan ofera a Dambatta, babu a Bichi, babu a Minjibir. Wannan gaskiya ne. Amma muna roƙon ku yi mana haƙuri mu ɗan leƙa Turai tukuna, domin abin da za mu gani can zai taimake mu mu fahimci wani abu da yake gabanmu tun muna yara, wanda yawan ganinsa ya sa ba mu ɗauke shi bakin komai ba.

Ofera dai wasan kwaikwayo ne wanda ake rera shi tun daga farko har ƙarshe. Sarki ya rera umarninsa, bawa ya rera kukansa, makaɗa suna zaune gaban dandamali da gogunansu da sarewarsu, sa'an nan ga ayarin 'yan amshi waɗanda suke tsayawa a matsayin jama'ar gari. An fara shi a Italiya wajen shekarar 1600 domin nishaɗin sarakuna, kuma a 1637 aka buɗe gida na farko a birnin Benis inda duk mai kuɗin shiga zai iya shiga. Tun daga ranar nan hukuma ta sa masa ido, domin a zamanin da ba a yarda mutane su taru su yi maganar mulki ba, gidan wasa yana cikin 'yan wuraren da ɗaruruwan mutane za su zauna tare, su ji abu ɗaya, kowa kuma yana ganin fuskar ɗan'uwansa.

Ran 25 ga Agusta 1830, a birnin Burasel, aka nuna wata ofera ta wani Bafaranshe mai suna Auber. Labarin wani masunci ne, Masaniello, wanda ya jagoranci talakawan birnin Nafuli suka yi wa Sifaniyawa bore a 1647 saboda harajin da aka ɗora wa 'ya'yan itatuwa. A lokacin mutanen Beljiyam suna ƙarƙashin Sarkin Holan, ba da son ransu ba. Kafin a tashi daga wasan sai 'yan kallo suka kwararo kan titi suka haɗu da masu zanga-zanga, aka farfasa gidajen manyan ma'aikatan gwamnati, kuma ran 4 ga Oktoba aka yi shelar 'yancin Beljiyam. Masu son ƙawata labari sukan ce waƙa ce ta haifi ƙasa. Sai dai ya kamata mu tuna cewa wata ɗaya kafin nan mutanen Faris sun tumɓuke sarkinsu, ga tsadar abinci, ga rashin aikin yi. Itacen ya daɗe da bushewa kafin mai ashana ya iso.

Labarin Verdi ya fi wannan koyarwa. A 1842 ya fitar da oferarsa Nabucco a birnin Milan, wanda yake hannun Ostiriya a lokacin. A cikinta akwai wurin da Bani Isra'ila, suna bauta a Babila, suke rera begen ƙasarsu. An daɗe ana koya wa 'yan makaranta cewa a daren farko 'yan kallo sun gane kansu a cikin bayin nan, har suka tilasta a maimaita waƙar. Da masana suka koma kan jaridun wancan lokaci sai suka tarar babu wannan labari a cikinsu. Bayan haɗewar Italiya a 1861 ne aka yi ta tsarma shi. Duk da haka waƙar ta zama ta 'yan ƙasa, har dubban mutane suka rera ta yayin rakiyar gawar Verdi a 1901. Watau ma'anar siyasar da take ɗauke da ita, masu saurare ne suka ɗora mata a hankali, shekara bayan shekara. Su kuwa masu tace wasanni ba su taɓa yin sake ba: a 1851 sun hana Verdi ya nuna sarkin Faransa a matsayin fasiƙi, sai da ya mai da shi wani ɗan ƙaramin basarake, a 1859 kuma suka hana shi nuna kisan sarkin Suwidin, ya kwashe labarin ya kai Boston ta Amurka.

Kada mu zaci wannan al'amari bai taɓa zuwa kusa da mu ba. Hubert Ogunde, wanda ya kafa ƙungiyar wasan Yarabawa mai haɗa waƙa da rawa da kwaikwayo, ya shirya wasa a kan mahaƙa kwal 21 da 'yan sanda suka harbe a Inugu a watan Nuwamba 1949. Da ya kawo shi Kano a 1951 hukuma ta hana, har aka gurfanar da shi gaban shari'a. A 1964 kuma gwamnatin Akintola ta haramta masa yin wasa a Jihar Yamma baki ɗaya saboda Yoruba Ronu.

To, yanzu mu koma gida. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Dawanau zuwa Bichi, ya san irin ƙasar da muke nufi. Babu daji, babu saura. Gona tana manne da gona, ana noma ta kowace shekara da takin da jakai suke ɗaukowa a mangala, ga ɗorawa da kuka da gawo a tsaitsaye cikin dawa da gero da gyaɗa. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya nuna yana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a irin wannan ƙasa mutum ba ya yin tafiyar rabin sa'a bai tarar da wani gari ba. Gangar da aka buga a wannan unguwa ana jin ta a waccan. Waƙar da aka rera a kasuwar Dambatta ran Lahadi, kafin wata Lahadin ta shiga bakin 'yammatan talla a Makoɗa da Ƙunci. Abin da Bature ya gina da dutse ya sa masa kujeru, mu yawan jama'a da kusancin gidaje ne suka gina mana shi. Akwai kuma bambanci guda wanda muke ganin shi ne gishirin maganar. A gidan ofera 'yan amshi suna kan dandamali, mai kallo yana zaune yana tafi. A dandalinmu kuwa mai kallon shi ne ɗan amshi. Wanda ya karɓi amshi ya riga ya furta maganar da bakinsa, a gaban shaidu.

Wannan tarbiyya tun daga gona take farawa. A wurin gayya, makaɗin noma yana bin manoma kunya-kunya, yana yi wa jarumi kirari, yana yi wa rago zambo, kowa kuma ya san cewa ganga tana iya ɗaga mutum, tana iya kayar da shi. Sa'an nan ga tashe. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara sukan bi gida-gida. Wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya naɗa ƙaton rawani ya rataya allo ya zama malamin da aka kama yana rawa, wani ya zama mai maganin da yake lissafa cututtukan da ba ya iya warkarwa, manya kuma su ɗaure gwauro da igiya su zaga gari da shi, kamar yadda Nalako yake yi a cikin birni. Kowane wasa da waƙarsa, da jagora, da amshi, da kayan shiga, da ɗan labarinsa. In aka cire ginin da fitilun, ba mu ga abin da ofera take da shi wanda tashe ya rasa ba. Ladan 'yan wasa kuwa ɗan hatsi ne ko kwabo daga hannun matan gida.

Kalankuwa ta fi tashe kusantar siyasa. Da kaka, in amfani ya shiga rumbu, samari da 'yammata sukan shirya bikinsu, su naɗa wa junansu muƙamai: ga gwamna, ga alƙali, ga ɗan doka, ga likita. A zauna zaman fada, a kawo ƙara, a yanke hukunci, a ci tara, jama'a suna dariya. Mu duba abin da yaro ɗan shekara goma sha biyar yake koya a nan. Ubansa yana tuɓe takalmi ya faɗi gaban dagaci, amma shi ya ga abokinsa ya naɗa rawani ya yi muryar hakimi, kuma sama ba ta faɗo ba. Ya gane cewa rawani ƙyalle ne, da hannu ake naɗa shi. Haka 'yan kama suke ɗaukar karin wa'azin malamai su mai da shi kan tuwo da miya. Manya suna ƙyale duk wannan domin an ce wasa ne, kuma gobe kowa zai koma matsayinsa. Amma abin da ido ya gani ba ya komawa.

Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka fara gane amfanin wannan gado. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wajen ƙarshen shekarun 1930, ya riƙa rubuta wasanni yana fitowa a cikinsu, kamar Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, inda yake tona asirin macuta da masu danne talaka. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai mawaƙi, Mudi Sipikin, akwai kuma ɗan wannan yanki namu, Magaji Dambatta. Jam'iyya ce wadda ba ta da baitulmali, ba ta da dogarai, mafi yawan waɗanda take nema kuma ba sa karanta boko. Saboda haka sai ta mai da manufofinta waƙa. Marubuta irin su Gambo Hawaja suka tsara baitoci a kan haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin kotuna, aka rubuta da ajami da boko, a rera a wurin lacca, jama'a su karɓa. Mai lacca yakan tsaya ya kwaikwayi tafiyar ɗan doka ko muryar mai karɓar haraji, mutane su fashe da dariya. Wanda ya saba da kalankuwa bai ga baƙon abu ba, illa dai wannan karon ba a ce gobe kowa ya koma matsayinsa ba.

Hukuma ta gane haɗarin sarai. Hukumomin En'e suka kafa dokokin ƙayyade roƙo da kiɗa, taron siyasa kuma sai da takardar izni. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar da ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 shiga harkar siyasa. An ɗaure wani mutumin Kano, Ɗahiru Ceranci, a kan ya sa yaro cikin irin wannan harka. Ya kai ƙara babbar kotu a 1960 yana cewa dokar ta saɓa wa 'yancin da tsarin mulki ya bayar, kotu ta ce dokar tana nan daram. Ku tambayi kanku, wace barazana ce ɗan shekara goma sha biyu yake yi wa gwamnati, alhali ba shi da ƙuri'a? Murya gare shi, da ƙafar zaga gari, kuma shi ne wanda ake bari ya shiga har cikin gida inda mata suke.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa ganga ba ta da jam'iyya. NPC ma tana da mawaƙanta, kuma gwanaye ne na gaske. Sarkin Taushin Katsina da Musa Ɗanƙwairo sun waƙe Sardauna da irin fasahar da har yau in aka sa faifansu sai gaban mutum ya motsa, ko da kakansa ɗan Sawaba ne. Kiɗan fada ya shekara ɗaruruwa yana koya wa talaka cewa sarauta daga Allah take, kuma ya koyar da kyau. A Turai ma haka ne. Hitila ya mai da oferorin Wagner kayan ado na tarukan jam'iyyarsa. Duk wanda ya ce mana waƙa kullum tana bayan mai gaskiya, bai saurari waƙoƙi da yawa ba.

Ga tambayar da ta fi damunmu. In waƙoƙin NEPU sun shiga ƙauyuka haka, me ya sa NPC ta riƙa lashe mafi yawan kujerun karkarar Kano har sojoji suka karɓi mulki a 1966? Amsar tana cikin yadda aka tsara iko. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma an ba En'e damar cusa nata mutane a mataki na ƙarshe, saboda haka ko mutum ɗaya nata bai kai majalisa ba. A ƙauye kuwa mai unguwa da dagaci su ne masu yanka haraji, su ne masu shaidar iyakar gona, alƙali da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne. A ƙasar da gona ta yi ƙaranci irin tamu, mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɓata da mai shaidar iyakarsa. Sai ya rera Sawaba a gona, ran zaɓe kuma ya jefa wa fartanya. Matarsa, wadda ta haddace baitocin tana rera su a bakin turmi, ba ta da ƙuri'a ko kaɗan.

Daga baya ne abubuwa suka sake. Tsakanin 1967 da 1970 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, matan Arewa kuma suka sami 'yancin zaɓe. Rediyo mai batir da kaset suka shiga kowane zaure. Da aka zo zaɓen 1979, Malam Aminu ya sami fiye da kashi 76 cikin 100 na ƙuri'un shugaban ƙasa a Jihar Kano, PRP ta ci gwamna, kuma Abubakar Rimi yana hawa ya soke haraji da jangali. Yaran da aka hana rera waƙa a 1958 su ne magidantan 1979. A ganinmu aikin da waƙa ta yi shi ne aikin rumbu: ta adana ra'ayi shekara ashirin da wani abu, daga bakin uwa zuwa na ɗa, har ranar da aka sami ikon fitar da shi. Ba mu ce ita kaɗai ta yi ba, domin akwai waɗanda suka sha ɗauri da bulala a kan wannan ra'ayi. Amma ba don ita ba, da wuya maganar da aka faɗa a lacca ɗaya a kasuwa ta rayu har tsawon wannan lokaci. Kuma ita ce dai aka ɗauka aka yi ta jifan juna da ita bayan PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, a farkon shekarun 1980.

A zamaninmu abin da ya fi kama da ofera shi ne fim ɗin Hausa, mai haɗa labari da waƙa da rawa, wanda ya kankama a Kano daga 1990, yanzu kuma yana cikin wayar kowane saurayi a Tsanyawa da Bagwai. Tsohuwar rigimar ta biyo shi. An kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2008 an ɗaure Rabilu Musa Ibro da Hamisu Iyan-Tama, a 2009 aka kama Aminu Ala a kan waƙa. A wani gefen kuma kowa ya ga rawar da waƙoƙin Rarara suka taka a zaɓen 2015. Abin da ya sake ƙwarai shi ne mai biya. Ɗan tashe matan unguwa suke ba shi hatsi, saboda haka abin da ke ransu yake faɗa. Mawaƙin NEPU sau da yawa ladansa ɗauri ne. Mawaƙin yau kuwa ɗan takara ne yake ba shi mota, kuma in wani ya ba da wadda ta fi ta, waƙar takan juya. Ba mu ga laifin mutum ya ci abinci da sana'arsa ba, maroƙan fada ma da doki da riga ake sallamarsu. Damuwarmu ita ce amshin ya koma cikin lasifika. Manomi yana ji, yana rawa, amma ba a bar masa gurbin da zai sa tasa maganar ba.

Shi kuwa tashe, a 2024 rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sanar da hana shi, bisa dalilin cewa 'yan daba suna fakewa da shi suna ƙwace da sara. Dalilin ba ƙarya ba ne, wanda ya zauna a wasu unguwannin birni ya sani. Amma daba a Kurna ko Ɗorayi ba hujja ba ce ta hana yaran wani ƙauye a ƙasar Minjibir liƙa gemun auduga. Da yawa daga cikin waɗanda suke zaune a wannan ɗaki, nan da 'yan shekaru, su ne za su zama sakatarorin ƙananan hukumomi, da jami'an al'adu, da ma'aikatan gidajen rediyo, wasu ma a hukumar tacewar kanta. Takardar neman iznin wasa a teburinku za ta sauka. Muna roƙon duk wanda ta zo gabansa ya bambance tsakanin wanda ya zo da wuƙa da wanda ya zo da ba'a, ya kuma tuna cewa ma'aikacin da ya tsara dokar 1958 shi ma yana ganin tarbiyyar yara yake karewa.

Roƙo na biyu ya fi sauƙi. Tsofaffin da suka rera waƙoƙin Sawaba da na Salama suna yara, yau sun haura shekara 75, mafi yawansu kuma mata ne da ba a taɓa tambayarsu komai ba. Hutun da ke tafe, duk wanda zai koma Dawakin Tofa ko Ungoggo ko Gezawa, ya zauna da kakarsa ya ɗauki muryarta a waya, ya rubuta sunan garin, da shekarar da ta koya, da bakin wanda ta koya, ya kawo wa Sashen Hausa a adana.